'YAR MOTAR DA KE CIN ALJIHUN MAGIDANCI

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai magidanta, wasunsu har da furfura, waɗanda kan kashe ranar hutunsu suna bin wata 'yar mota a ƙafa a cikin duwatsu. Motar nan tsawonta bai fi kamu guda da 'yan kai ba, watau kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Da batir take aiki, da rimot kuma ake tuƙa ta. Ba gudu ake nema a wurinta ba. Gwaninta ita ce ta rarrafa sannu kamar hawainiya, ta haye dutsen da ya fi ta tsawo ba tare da ta kife ba.

Wasan ba sabo ba ne. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot cikin 1976, sa'an nan cikin 1985 ya kawo Bruiser, 'yar a-kori-kura mai giya uku. Amma hawan dutse bai bunƙasa sosai ba sai da kamfanin Axial na Amurka ya fito da AX10 Scorpion cikin 2007, kamfanin Traxxas kuma ya biyo da TRX-4 cikin 2017.

To, sayen motar shi ne mai sauƙi, daga nan ne hidima take farawa. Da ta kife sau biyu sau uku, sai mai ita ya gane nauyinta ya yi sama da yawa. Sai ya nemo 'yan guntayen tagulla ya ɗaura kusa da tayoyin gaba, ya sake tayoyi masu laushi da soso a cikinsu don su riƙa kama dutse. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai kafin a jima na'urar murɗa sitiyari, wadda aka yi don tayoyi marasa nauyi, ta zubar da haƙoranta na roba. Ya sayo mai haƙoran ƙarfe, ita kuwa ta shiga jan wutar da ta fi ƙarfin abin da aka tanadar mata, sitiyari ya riƙa ɗaukewa a tsakiyar hawa. Ya magance wannan, ya ƙara inji mai ƙarfi. Ran da taya ta maƙale a tsagin dutse, da yake tayoyin huɗu a ɗaure suke juyawa tare, sai sandar da ke kai musu ƙarfi ta murɗe ta karye.

Ashe rauni bai bar motar ba, wurin zama kawai ya sake. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a wasan ba su gaggawar canza abin da bai lalace ba. Wasunsu ma kan bar wani ƙaramin sashe na roba da gangan, don in abu ya matsa, shi ya karye, mai tsada ya tsira. Sabon shiga kuwa yakan sayi komai rana ɗaya, a ƙarshe kuɗin gyara ya zarce kuɗin motar, alhali hannunsa bai ƙware da tuƙi ba tukuna.

Abin da ya fi tagulla amfani, ba a kuwa cika ɗokinsa ba, shi ne tsabta. Motar da ta shiga ruwa ko laka, in ba a kwance ta an goge, an sa giris ba, boris ɗinta tsatsa zai cinye shi. Batirin nan da ake kira LiPo kuma ba abin wasa ba ne. Kowane ɗaki nasa bolt 4.2 yake ɗauka in ya cika, in aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3 ya lalace. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, saboda haka ba a jona shi a caji a tafi barci, ba a kuma ajiye shi inda yara za su kai hannu.