Cinikin Biri a Sama

Tun da naira ta sulale a 2023, daga wajen 460 a kan dala ɗaya har ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, wata magana ta shigo majalisun masu hannu da shuni a Kano, kuma ga shi ta fara gangarowa kudu, har Kiru da Bebeji da Tudun Wada. Wai ƙaramin jirgin sama kadara ce. Wai da dala ake sayen sa, da dala ake sayar da shi, don haka wanda ya zuba kuɗinsa a ciki ya tsere wa faɗuwar naira. Mu dai mun ce wannan magana yaudara ce, kuma masu yaɗa ta sun fi kowa sanin haka, domin la'adarsu a ranar ciniki take fita.

Mu masu rubuta manhaja ne, babu matuƙi ko ɗaya a cikinmu. Abin da ya jefa mu cikin zancen shi ne wani dattijo mai gona a gefen dajin Ɗansoshiya, wanda muka taɓa yi wa manhajar lissafin buhunan masara da kuɗin 'yan ƙwadago. Bayan girbin bara ya aiko a kira mu. Muka tarar da shi da wani dillali, an ɗora waya a kan darduma, hoton wani farin jirgi mai kujera huɗu yana ƙyalli a fuskarta.

"Yarana, ku da kuka iya lissafi, ku duba mini. An ce in na riƙe shi shekara biyar zan sayar da riba."

Muka ce, "Ranka ya daɗe, ina littattafan jirgin?"

Dillali ya yi dariya ya ce takardu suna hanya, ai ga jirgi nan ana gani. To, a nan gizo yake saƙar.

Duk jirgin sama yana tafe da littattafansa: na gangar jiki daban, na inji daban, na farfela daban. A ciki ake rubuta kowace awa da ya yi a sama, kowane gyara, kowane ƙarfe da aka canza, da lambar ƙarfen, da sa hannun injiniya mai lasisi. Mai saye na gaskiya da waɗannan yake fara cin karo kafin ya taɓa fenti. In shafi ya ɓata, kuɗi ya ragu. In littafi guda ya ɓata, abin da ke hannunka ya kusa komawa tarin alminiyom, domin babu injiniyan da zai sa hannu a kan abin da bai san tarihinsa ba. A sana'armu mun san wannan ciwo. Kwamfuta in ta ƙone ana sayen wata a Farm Centre kafin la'asar, amma bayanan da ke ciki in ba a adana su a wani wuri ba, sai dai haƙuri.

Sannan injin yana da wa'adi. Kamfanin Lycoming, wanda injinsa ke cikin yawancin jiragen Cessna 172, ya ce a kwance injin a sabunta shi bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. A lura da wannan "ko" ɗin. Alhajin da zai tashi awa 50 a shekara zai cika shekara 12 yana da awa 600 kacal, amma wa'adi ya riga ya cika, kuma aikin kan haura dala 30,000. Jirgin da ke ajiye ma ya fi mai tashi saurin lalacewa: tsatsa na cin cikin inji, robobi na bushewa, tsuntsu na yin sheƙa a inda bai kamata ba. Ga inshora, ga kuɗin rumfar ajiya, ga binciken da hukuma ta wajabta, ga albashin matuƙi, duk suna tafiya ko taya ta motsa ko ba ta motsa ba. Kuma yawancinsu da dalar nan da ake gudun tsadarta za a biya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma aƙalla rariya ba ta aiko da takardar biyan kuɗi duk wata.

Za a ce mana, to ai a Amurka tsofaffin jirage na riƙe daraja. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Cessna 172 tun 1956 ake ƙera ta, an yi sama da 44,000, kuma bayan annobar korona farashin tsofaffinta ya tashi, har na shekarun 1970, saboda sabuwa ta haura dala 400,000 kuma makarantun koyon tuƙi na rububin su. Dillalanmu wannan labarin suke ɗaukowa su karanta wa mutane. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ke riƙe da farashin a can: ƙananan jirage sama da 200,000, filayen sauka na jama'a wajen 5,000, makanike a kusan kowane fili, kayan gyara da ke isowa a kwana biyu, da ofishin rajista a birnin Oklahoma inda za ka bincika ka ga wa ya mallaki jirgi kuma ko akwai bashi a kansa. Kasuwar ce ke ba jirgin daraja. In ka ɗauko shi ka kawo inda masu saye ba su cika yatsun hannu ba, ka baro darajar a can.

A nan ko man da zai sha aiki ne. Ƙananan jirage masu injin fistan wani fetur na musamman suke sha, abgas, wanda shigo da shi ake yi a durom, ga tsada ga wuyar samu. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ita kanta ta karkata zuwa jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin manyan jirage, kuma wahalar abgas na cikin dalilan. In makarantar gwamnatin tarayya ta ji jiki, ina ga mutum ɗaya da jirgi ɗaya? Sai kuma hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana manyan jirage ma sauka a filin Malam Aminu Kano, balle ƙaramin da matuƙinsa da ido yake neman hanya. Shi kuwa dattijonmu gonarsa ba ta da filin sauka, kuma ba share ƙasa ake yi kawai a ce an samu fili ba, sai da izinin hukuma. Wato zai hau mota daga Kwanar Dangora ya yi awa ɗaya da wani abu zuwa Kano don ya je ya tarar da jirginsa. Zuwa ina? Kaduna, wadda da ya juya kan motar kudu da tuni ya ci rabin hanya.

Akwai shaidar da ta fi duk wannan ƙarfi, kuma daga masu jiragen kansu ta fito. Alamar rajistar Najeriya ita ce 5N. Ku leƙa gefen da attajirai ke ajiye jiragensu a Abuja ko Legas, ku ƙirga nawa ne ke ɗauke da ita. Da yawa N ta Amurka ce a jelarsu, ko T7 ta San Marino, ko M ta tsibirin Man. Dalili ɗaya gudun kuɗin fito ne, shi ya sa hukumar kwastan ta yi ta kiran su tantancewa a 2021 da 2024. Ɗaya dalilin, wanda masu harkar ba sa ɓoyewa, shi ne jirgin da ya taɓa ɗaukar 5N yakan yi kwantai a kasuwar duniya, masu inshora da masu ba da bashi su yi ta ja da baya. Attajirai da yawa a ƙasar nan ba su yarda su liƙa sunan ƙasarsu a jikin jiragensu ba don kada kuɗinsu ya karye, sannan a zo a ce wa manomi a Kiru ya saya zai ci riba.

Da a ce aljihun attajirai kaɗai abin ya shafa, da mun yi shiru, kowa da yadda yake kashe guminsa. Amma da wannan magana ta "ai kadara ce, in an gaji a sayar" ake rufe bakin talaka duk lokacin da gwamnati za ta sayi jirgi. To mu duba yadda sayarwar take kasancewa. A Oktoban 2016 gwamnatin Buhari ta tallata jirage biyu na fadar shugaban ƙasa, Falcon 7X da Hawker 4000. A 2020 aka sake tallata Hawker ɗin. Kamfanin da ya ƙera shi ya durƙushe tun 2012, aka daina yin samfurin, farashinsa ya zube a duniya baki ɗaya. Mu a wajen aiki irin wannan muna kiran sa marayar manhaja: tana aiki yau, amma ranar da ta tsaya babu wanda za ka kira. Jihar Ribas kuma ta aika jirginta Legacy 600 gyara a Jamus a 2012, ya zauna can kusan shekara 10, sai a 2022 Gwamna Wike ya je ya gano shi, kuma da bakinsa ya ce an kashe sama da Yuro miliyan 3 don a tashe shi. A Zariya, sayar da jirage biyu masu saukar ungulu samfurin Bell 206 na kwalejin nan sai da ya kai gaban Majalisar Wakilai. Duk wanda jirginsa ya taɓa gangarawa a filin Kano ya ga gawarwakin jirage a gefe, rana na dukan su, ciyawa ta kai cibiyarsu. Kowannensu akwai ranar da aka yanka masa rago.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne an taɓa kama hanyar da ta dace, a nan Arewa. A Kaduna aka haɗa Air Beetle, ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu da aka samo daga samfurin RV-6A na Amurka, ya fara tashi a 1989, aka yi wa rundunar sojan sama guda 60. An ma gyara injinsa yadda zai iya shan fetur ɗin mota, wato an kalli matsalar man nan an nemo mata magani na gida. Da an riƙe wannan aiki, da yau akwai makanikai da kayan gyara da masu saye, waɗanda su ne kasuwar da muke cewa babu. Aka bar shi ya shiririce, a 2016 muka tafi Pakistan muka ƙulla cinikin Super Mushshak guda 10. Garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a Nuwamban 1925, Kano ne. Shekara ɗari ke nan, har yau muna sayen jirgi kamar yadda ake sayen agogon gayu.

Kada a ji mu kamar masu ƙin jirgi. Yankinmu yana da aikin da ƙaramin jirgi zai yi. Tsuntsayen jan-baki in suka sauko wa shinkafa da alkama a Kadawa, inda ruwan Tiga ke shayarwa, feshi ta sama ne ke cim musu. Dajin Falgore ya fi ƙarfin sintirin ƙafa. Wanda ya yi haɗari a hanyar Doguwa yana iya cikawa kafin mota ta kai shi Kano. Amma duk waɗannan aikin awanni ne a shekara, kuma awa hayar ta ake yi. A biya kamfanin da jirginsa ke tashi kullum, mai injiniya da littattafai cikakku, ya yi aikin ya tafi da ɗawainiyarsa. Wani aikin ma jirgi marar matuƙi zai yi shi a kan kuɗin da bai kai na taya da birki ba. In kuwa gwamnati ta dage sai ta mallaka, to ta buga a intanet kuɗin saye, da awannin da jirgin ya tashi kowane wata, da wanda ya hau, da kuɗin gyara, ranar gwanjo kuma a ga sunan masu tayi da abin da kowa ya taya. Shafin da zai ɗauki wannan ba ya cin mu mako biyu, kuma a shirye muke mu yi shi kyauta.

A dajin nan na Ɗansoshiya, inda Gwamna Ganduje ya buɗe rugar makiyaya a 2020, akwai mutanen da suka fi dillalan jirgi sanin kadara nesa ba kusa ba. Bafulatani ya san shekarun kowace saniya daga haƙorinta, ya san uwarta, ya san sau nawa ta haihu. Ita ma tana ci kullum, amma ciyawa take ci, ta ba da nono, ta haifi wata. Ranar da buƙata ta taso, ya kora ta kasuwa da safe, kafin azahar masu tayi goma sun kewaye ta. Mun faɗa wa dattijon haka, muka buɗe masa lissafi a kwamfuta, layi bayan layi: mai, inshora, rumfa, matuƙi, kason sabunta inji na kowace shekara. Ba mu ma sa faɗuwar farashi ba, muka bar jirgin a kan kuɗin da dillali ya ce zai yi. Duk da haka shekara biyar ɗin ta cinye abin da ya fi ribar da aka yi masa alkawari.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juya wajen dillali ya ce, "Malam, in takardun sun iso ka kawo mu gani."

Ba su iso ba. Shi ya sayi tarakta biyu da injin casar masara, ya haƙa rijiyar burtsatse. Watan jiya muka sake ganin hoton farin jirgin a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Kano, an ƙara masa dala 15,000 a kan farashin bara, an rubuta a ƙasa cewa dama ce ga mai son tsare kuɗinsa. Ɗaya daga cikinmu ya tambayi littattafai. An ce suna hanya.