Bidiyon toshe yoyon famfo ba don gidajen Jahun aka yi shi ba

Duk mai shiga TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: bututu na tsiyaya, wani ya naɗa masa baƙin tef ko ya shafa gam, cikin daƙiƙa 30 ruwa ya tsaya. A ganina, wannan dabarar ta fi cutar da mu a Jahun da Haɗeja fiye da yadda take taimakonmu.

Yawancin masu ɗora bidiyon suna zaune ne inda ruwa ke cike da bututu dare da rana, don haka ramin da ke jikinsa waje kawai yake fitar da ruwa. Mu kuwa namu ruwan zuwa yake yana ɗaukewa, gwargwadon wuta ko ranar da sola ta samu. Da zarar an kashe injin burtsatse bututun ya zama fanko, ramin nan sai ya koma ƙofar shiga. Idan bututun ya ratsa kwata ko kusa da masai, abin da ke wurin shi zai tsotsa, gobe ya kawo mana shi a randa.

A yankin da Kogin Haɗeja ke malalowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya kwanta a unguwanni, mun kuma ga annobar amai da gudawa ta 2021 a Jigawa. Bututu mai huji da ke kwance cikin irin wannan ruwan, robar tayar keke ba za ta kare shi ba.

Tsohon bututun ƙarfe an lulluɓe shi ne da zinki don hana tsatsa. Idan rufin ya cinye, tsatsa daga ciki take fara ci, kuma mahaɗa ce ke fara rauni, domin wajen yanka mata zare an rage kaurin ƙarfen. Kafin ka ga ɗigo a waje, ciki ya daɗe da lalacewa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan halin: ka ɓoye saƙon kuskure, matsalar tana nan tana girma.

To me ya kamata a yi? Fara da wayarka. Cika tanki da yamma, rufe duk kan famfo, ɗauki hoton inda ruwan ya tsaya, ka sake ɗauka da asuba. Idan ya sauka, akwai yoyo. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a rana.

Idan an gano wurin, a yanke gaɓar da ta ruɓe gaba ɗaya har zuwa inda ƙarfen ke da lafiya. Gam ɗin PVC ba ya kama ƙarfe, sai an sa mahaɗi mai zare. Robar ce za ta shiga cikin ƙarfen, domin idan ƙarfen ya shiga cikin roba yana iya tsaga ta. Farin tef kuma a naɗa shi ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Kada a kira mai walda, hayaƙin zinki na sa zazzaɓi. Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki hoton mahaɗar, ka tabbatar ko rabin inci ce ko uku bisa huɗu.

Wani zai ce kuɗi ne babu, kuma gaskiya ne, roba ta fi araha. A naɗa ta ta kwana biyu kafin mai gyaran famfo ya zo, babu laifi. Laifin shi ne ta shekara a wurin har damina ta same ta. Kuɗin mahaɗi biyu da guntun bututu bai kai na ƙarin ruwa a asibiti ba. Datar da za ka kashe a kallon bidiyon tef, kashe ta wajen tura wa mai gyara hoton bututunku tun kafin ruwan sama ya sauka.