Sharhi: Rawar majami'u a yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Afirka

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum miliyan 263, ya kuma halaka kimanin 597,000, akasarinsu ƙananan yara a nahiyar Afirka. Mafi yawan mace-macen na aukuwa ne a karkara, inda asibiti ke da nisa amma wurin ibada ke kusa.

Wannan kusanci shi ne jarin da majami'u suka shiga fagen yaƙin da shi. A 2006 ƙungiyar agaji ta Cocin Episkofal na Amurka ta ƙaddamar da shirin NetsforLife, wanda ya bazu zuwa ƙasashe 17 ta hannun majami'un Anglika. A 2010 kuma Cocin Methodist ya ɓullo da gangamin tara dala miliyan 75 domin wannan aiki.

Abin da ya bambanta waɗannan shirye-shirye shi ne bibiya. Raba gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa, domin wasu kan adana shi, wasu kuma a yankunan tafkuna su mayar da shi komar kamun kifi. Shi ya sa ake horar da 'yan sa-kai daga cikin mazauna ƙauyen, su bi gida-gida su rataya shi, su kuma nuna wa iyaye muhimmancin gwajin jini da zarar yaro ya yi zafin jiki.

A Najeriya, mai ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa a duniya, an faɗaɗa tsarin. A 2009 aka kafa ƙungiyar NIFAA ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan, domin limamai da fastoci su isar da saƙo guda.

Sai dai amanar jama'a ba ta sayen magani. Gidajen sauro da magunguna galibi da kuɗin masu ba da tallafi ake samar da su, kuma rushe hukumar USAID a 2025 ya girgiza wannan hanya. Ga shi kuma sauro na bijire wa sinadarin da aka saba amfani da shi. Muddin gwamnatoci ba su cike giɓin daga kasafinsu ba, 'yan sa-kan za su ci gaba da shiga gidaje hannu rabbana.