Tsibiran da ke Bayan Gidanmu

Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai hotunan da na ɗauko daga tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, sai su yi ta sha'awar birai da duwatsu masu aman wuta, su ce ina ma a ƙasarmu ne. Ni kuwa ra'ayina shi ne muna da tsibirai a yammacin Jihar Katsina, sai dai ba ruwa ne ya kewaye su ba, gonaki ne.

Bari in yi bayani. A wajen masanin halittu, tsibiri shi ne duk mazaunin da aka yanke daga 'yan'uwansa, har dabba ko irin tsiro su kasa ƙetarawa. A 1967 masana biyu na Amurka, MacArthur da Wilson, suka nuna cewa yawan nau'o'in halittu a tsibiri ya danganta ga girmansa da nisansa daga babbar ƙasa. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne, idan mazauni ya rasa kashi 90 cikin 100 na faɗinsa, a hankali zai rasa kusan rabin nau'o'insa. Bali kanta shaida ce: damisarta mai zane, wadda babu irinta ko'ina, ta ƙare, kuma ta ƙarshe da aka tabbatar an harbe ta ne a 1937.

To, mai karatu ya dubi Babban Duhu, a yankin Batsari da Safana. Bahaushe ba ya kiran fili duhu. Sunan yana tuna mana duhuwar itatuwa. Dattawan da na zanta da su ina ɗalibi sun san barewa da gada da mugun dawa a gefen Dajin Rugu. Yau gatari da gawayi da faɗaɗa gonaki sun daddatsa dajin, kuma tun shekarun 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka sa malami bai isa ya kai ɗalibansa ciki ba.

Darasin dutsen Karakatau ya fi tsorata ni. Da ya fashe a 1883, mutane fiye da 36,000 suka halaka, toka ta binne duk wani mai rai a tsibirin. Bayan wata tara, gizo-gizo ɗaya tak aka gani. Amma cikin shekara hamsin kurmi ya dawo, domin Jaba da Sumatara suna kusa, iska da ruwa da tsuntsaye da jemagu suna kawo iri. Aman wuta bai hana daji dawowa ba. Mu idan marke da kirya da taura suka ƙare a Rugu, daga ina iri zai zo?

A ƙauyen Sange na Bali na ga wani ɗan kurmi mai dogayen itatuwa, cike da birai, a tsakiyar gonakin shinkafa. Ya tsira ne saboda wurin bautar mabiya addinin Hindu yana cikinsa, ana kai furanni da turare, ba mai sa masa gatari. Ba bautarsu nake yabo ba; abin lura shi ne doka da jama'a suka yarda da ita ta fi ta gandun gwamnati ƙarfi. Mu ma muna da irinta. Dubi tsofaffin maƙabartunmu da hurumin gari da kawunan duwatsu, inda tsamiya da kanya da ararraɓi suka rage.

Waɗannan wurare ba sa buƙatar mota ko rakiyar soja. Ina kira ga malaman kimiyya na sakandare a Batsari da Safana da Dutsin-ma su nemi izinin mai unguwa, su auna faɗin irin wannan wuri da taki, ɗalibai su rubuta sunan kowace itaciya da tsuntsu da Hausa, da rani da damina. A adana littafin a makaranta, aji na gaba ya sake ƙidayar baɗi.