Yaron da Ya Ƙi Ajin Ƙarin Karatu: Bulala ko Dabara?

Ganin cewa da yawa daga cikinmu aji za mu nufa bayan kammala karatu, wasu ma tuni suna riƙe da alli, shi ya sa na ga ya dace in kawo mana wani al'amari da ya faru a gidanmu a garin Mubi, domin mu yi nazarinsa tare. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Autanmu goye yake a bayan Dada lokacin da muka gudu daga Mubi a ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shigo garin. Allah ya sa muka dawo lafiya, ya girma, aka sa shi makaranta. Yana aji ɗaya aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, aka shafe wata da watanni a gida. Da aka koma sai aka wuce da su gaba, kamar yadda aka saba. Haka ya yi ta hawa har aji huɗu a 2023, yana kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma fa bai iya karanta shi ba. Mu ma a gida ba mu gane ba, domin yana da saurin hadda. In malama ta karanta sau biyu ya riƙe, sai ya riƙa bin layi da yatsa yana faɗa da ka.

Wata malama ce mai kula ta gano shi. Ta ware shi da wasu yara shida, ta ce kullum za ta riƙa fitar da su zuwa gindin bishiya ta koya musu karatu daga tushe. Muka yi murna, muka yi godiya. Shi kuwa gogan naka ya ce atafau bai san zancen ba. Yau ciwon ciki, gobe ciwon kai, jibi littafi ya ɓata. Da aka matsa masa sai ya fara laɓewa a bayan aji har lokacin ya wuce. Wani kawunmu ya ce taurin kai ne, a samo tsumagiya, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dada kuma tausayi ya kama ta, ta ce a roƙi malama ta ƙyale shi, in ya girma zai iya.

Ra'ayina shi ne dukkansu biyu sun yi kuskure, kuma ga dalilaina.

Mu fara da maganar a ƙyale shi. Karatu ba haƙori ba ne da zai fito da kansa in lokaci ya yi. Magana ce yaro ke tsinta a bakin mutane ba tare da an zaunar da shi ba, amma karatu sai an koyar. Tun a 1986 wani masani mai suna Keith Stanovich ya yi bayanin yadda tazara ke ƙaruwa tsakanin yara: wanda ya iya karatu da wuri yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, ya ƙara sanin kalmomi, wanda ya sha wuya kuwa sai ya guje shi, ya ƙara zama a baya. Daga aji huɗu zuwa sama kusan kowane darasi ta hanyar karatu ake samunsa, har lissafi, domin sai ka karanta tambaya kafin ka amsa. Kuma ba autanmu kaɗai ba ne. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Saboda haka cire yaro daga ajin taimako don kada ya yi kuka, tausayi ne na yau wanda zai zama cuta gobe.

Sai maganar bulala. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da garaje karya shi yake yi. Bulala za ta iya kai yaro gindin bishiya, sai dai ba za ta sa ya buɗe baki ya gwada karanta kalmar da yake tsoron kuskurewa ba. Koyon karatu kuwa gwaji ne da kuskure da gyara. Yaron da ke tsoro shiru yake yi, wanda ya yi shiru kuma malami ba ya sanin inda ya maƙale.

Abin da ba wanda ya yi a cikinmu shi ne tambayar yaron. Ran nan na ja shi muka tafi kasuwar shanu, wurin da ya fi so a duniya. A hanya na ce, "Auta, me ke hana ka zuwa wurin malama?" Ya yi shiru har muka kusa isa, sannan ya ce, "Hamma, in ta zo ƙofar aji ta kira sunayenmu, sai kowa ya juyo. Sun ce mu 'yan ajin daƙiƙai ne." Ya ƙara da cewa lokacin da ake fitar da su shi ne lokacin wasan ƙwallo, kuma shi ne mai tsaron gida. Ashe yaron bai ƙi karatu ba, kunya yake gudu da kuma asarar abu ɗaya da ake yabonsa a kai a makarantar. A kasuwar nan na ga yadda yake bambance bijimi da bijimi, yana lissafin kuɗin ciniki da ka kafin dillali ya gama magana. Wannan ba daƙiƙi ba ne.

A nan ne ya kamata mu ɗaliban harshe mu lura da wani abu. Mubi gari ne mai harsuna da yawa, akwai Fulatanci da Gude da Fali da Margi da Kamwe da sauransu, Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa da kan titi. Autanmu Fulatanci yake ji a gida, Hausa a waje, littafin aji kuma da Turanci. Wato ana so ya koyi sirrin haruffa a cikin harshen da bai ji ba, harshen da wasali guda ke da furuci iri-iri. A rubutun Hausa kuwa, duk da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, galibi harafi da sautinsa ba sa saɓawa. In yaro ya san baƙi da wasali ya iya haɗa gaɓa, to ya kama hanya. Wannan ne tunanin da aka gina shirin Mu Karanta a kansa a jihohin Bauchi da Sakkwato, wanda ke fara koyar da karatu da Hausa. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta a watan Nuwamba na 2025. Ko mene ne hukuncin hukuma game da harshen aji, ba wanda ya hana wa ko ya ta zaunar da ƙane a tsakar gida su haɗa ba, be, bi, bo, bu.

Wani abin kuma, mu dubi makarantar allo da muka gada. A can kowane ɗalibi da allonsa, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya yi nisa. Kowa tashi yake yi shi kaɗai ya je gaban malam ya biya, a yi masa ƙari ko a ce ya koma ya maimaita. Ba wanda ake yi wa dariya don an kira shi, domin kowa ana kiransa. Ashe keɓe yaro a koya masa daidai da matakinsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ke jawo kunya shi ne a kira mutum bakwai a bar sittin suna kallo. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da tsari mai kama da wannan, wanda ake kira TaRL, wato koyarwa daidai da matakin yaro. Ana gwada kowane yaro a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari, sannan a raba yara rukuni-rukuni na wani lokaci a kullum ba tare da duba ajinsu ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka yi bincike a kansa, kuma an fara gwada shi a Jihar Borno a 2018. Hikimar ita ce in kowa ya tashi ya nufi rukuninsa, babu wanda za a nuna da yatsa.

To me muka yi? Na je na sami malama cikin ladabi, na fara da godiya, domin aikin sa kai take yi ba wanda ya ƙara mata ko kwabo. Na gaya mata abin da yaron ya faɗa. Ta ce, "Wallahi ban san haka suke ce musu ba." Muka yi shawara a kan abu uku. Na farko, ta daina zuwa ƙofar aji tana kiran suna, yaran su riƙa zuwa da kansu. Na biyu, a ɗauke zaman daga lokacin wasa. Na uku, duk ranar Alhamis a buɗe zaman ga duk mai so, a karanta tatsuniya, don ya daina zama wurin waɗanda suka gaza.

Shi kuma na gaya masa gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Na ce, "Auta, zuwa dole ne, ba zan yaudare ka ba. Amma kai za ka zaɓi inda za ka zauna da labarin da za mu karanta a gida." Na bayyana masa cewa lokacin da ya kamata a koya masa haɗa gaɓa makaranta a rufe take, ba laifinsa ba ne. Muka kai shi aka duba idonsa da kunnensa, aka ce lafiya lau. Bayan magariba muna zama minti goma sha biyar kacal, kuma mukan tashi tun bai gaji ba. In mun fita mu karanta rubutun bayan keke napep da allunan shaguna. Na samo kwali ina rubuta duk kalmar da ya karanta da kansa, yana ganin layin yana tsawo. Daga baya na sa shi ya riƙa koya wa 'yar yayarmu mai shekara biyar haruffa. Ranar da ta kira shi malam, bakinsa har kunne.

Ba zan ce an yi abin al'ajabi ba. Ya ci gaba da ƙunƙuni, akwai ranakun da ya sake laɓewa, kuma har yanzu yakan rikita b da d in ya yi sauri. Amma kafin ƙarshen shekarar ya karanta wa Dada takardar gayyatar suna da aka kawo gidan, daga farko har ƙarshe. Na san kuma akwai yaran da wahalarsu ta fi wannan zurfi, waɗanda ko da koyarwa mai kyau haruffa na ci gaba da yi musu gardama. Irin waɗannan haƙuri da maimaici suke buƙata fiye da kowa, kuma su ne zolaya ta fi yi wa illa.

Wani zai ce malamin da ke da yara tamanin a aji ina ya ga lokacin lallashi? Maganarsa tana kan hanya. Amma gyaran da malamarmu ta yi bai ci kuɗi ba, bai ƙara mata minti ɗaya ba. Sauran aikin kuwa namu ne na gida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kirana gare mu 'yan'uwa shi ne, in mun je koyarwar gwaji ko hidimar ƙasa muka haɗu da yaron da ya ƙi ajin taimako, mu tambaye shi dalili a keɓe kafin mu yanke masa hukunci. Mu hana sunan banza tun ranar da muka fara jin sa. Mu kuma yi amfani da ilimin tsarin sauti da ginin kalma da muke koya a nan, mu rubuta ƙananan labarai masu sauƙin gaɓa, waɗanda yaro ɗan shekara goma zai karanta ba tare da ya ji an mai da shi jariri ba, domin irinsu sun yi ƙaranci ƙwarai. In hutu ya zo, kowa ya ɗauki littafi ya miƙa wa ƙanensa, ya nuna masa layin da bai taɓa ji ba, ya ce karanta mini. Watakila abin da muka gano a gidanmu yana nan a naku.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya shirya mana zuri'a, amin.