BAƘO A GONARMU, ƊANMU A GONAR WANI

Ga shi kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, kuma kamar kowace shekara samari sun fara ɗaure kaya. Waɗansu za su Kano ko Legas cin rani, waɗansu kuwa idonsu ya wuce nan, sai zancen Agadas da Libiya suke yi. A daidai wannan lokaci kuma mutanen Nijar suna sauka garuruwanmu neman aikin lambu da haƙar rijiya da gadi. Don haka na ga ya kamata mu yi magana a kan yadda gwamnatoci suke yi da masu ƙetare iyaka, gama abin ya shafi gonarmu da aljihunmu da 'ya'yanmu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wani ƙauye da nake zagayawa, wani ɗan ƙungiya ya ɗauki samari uku daga wajen Maraɗi, suka yi masa yankan shinkafa har kwana goma sha biyu. Da aka zo biya sai ya ba su rabin kuɗin da aka yi jinga, ya ce in sun yi gardama zai kira musu ma'aikatan shige da fice. Samarin suka karɓa, suka tafi, ba su ce uffan ba. Shi wannan mutum kuwa yana da ɗa a Libiya, kuma kowace Lahadi yakan roƙi ekklisiya ta yi wa yaron addu'a, Allah ya haɗa shi da maigida mai tausayi. Tun ran da na ji labarin abin bai bar raina ba.

Bari mu waiwaya baya kaɗan, domin gwamnatoci ma sun sha yin irin abin da ɗan'uwan nan ya yi. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban 'yan Nijeriya suka fito, har da Hausawa fataken goro da Yarabawa masu kantuna, waɗansunsu ma a can aka haife su. Suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance. Bayan sun tafi, gonakin koko na Gana suka rasa 'yan ƙodago, gama baƙi ne suke yin babban kashi na aikin.

Ba a cika shekara goma sha huɗu ba sai reshe ya juye da mujiya. Kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, sai a watan Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fita, su ma cikin mako biyu. Wajen mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, suka koma ƙasar da ke fama da fari da gobarar daji a wannan shekara. Buhun ledan nan mai zane da muke kira Ghana Must Go daga nan ya sami sunansa. Amma korar ba ta tā da kuɗin mai ba, ba ta kuwa buɗe masana'antun da suka tsaya ba. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da babban fari, hatsi ya kasa ƙetarawa arewa, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari.

A zamaninmu ma mun gani da idonmu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. An sāke rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Ku tambayi mutanen Illela da Jibiya da Maigatari yadda kasuwanninsu suka yi. Albasar Galmi ta ruɓe cikin motoci, masu kawo wake da dabbobi suka tsaya, mai gero a nan ya rasa mai saye daga can. Duk da haka mutane ba su daina ƙetarawa ba. Sun bar titi ne kawai, suka bi daji a kan babur da dare, suna biyan 'yan rakiya.

Haka ya faru a hamada. A shekarar 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, ƙasashen Turai kuma suka ba da kuɗi don a tsananta ta. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Matafiya ba su ƙare ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa sanannun hanyoyi inda rijiyoyi suke, kuɗin mota ya hau, wanda motarsa ta lalace kuma ba mai wucewa balle ya cece shi. A Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Kada kuwa mu ɗauka hanyar tana da sauƙi kafin dokar ko bayanta. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Mutanen Kance ne da kewayenta a jihar Damagaram, manoma kamarmu, masu harshe ɗaya da mu.

To, ga ra'ayina. Rufe iyaka da korar jama'a ba su hana mai jin yunwa tafiya. Abin da suke yi shi ne su sa tafiyar ta yi tsada, ta yi hatsari, su kuma mai da baƙo marar baki, wanda kowa zai iya cutarsa. Iyakar da ke tsakaninmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, ta ratsa gonaki da dangi. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce da shi. Wane soja ne zai tsare wannan duka?

Na san waɗansunku za su ce, Malam, ai ta iyakar nan bindigogi suke shigowa, mu ne kuwa ake sacewa a gona. Gaskiyarku. Tun da mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011 makamai suka watsu a yankinmu, ba wanda zai yi musun wannan. Hakkin hukuma ne ta san wanda ya shigo da abin da ya ɗauko, mu Kirista kuwa an koya mana mu yi biyayya ga masu mulki. Amma ku lura, ɗan fashi ba ya bin layi a ofishin iyaka. In aka buɗe ƙofa a sauƙaƙe ga mai neman ƙodago, aka rubuta sunansa da garinsu da inda za shi, sai ya zama duk wanda aka gani a hanyar daji akwai dalilin tambayarsa. In kuwa an rufe wa kowa, mai gaskiya da mugu duk hanya ɗaya za su bi, ba mai iya rarrabe su.

Akwai hanya mafi kyau, mun ma riga mun sa hannu a kanta. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta yi yarjejeniya a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza, in dai yana da takardar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairu 2025, ko da yake a lokacin ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har a yi sabon shiri. Ya kamata shugabanninmu su tabbata wannan 'yanci bai ɓace ba, ko da wane irin saɓani ke tsakaninsu. Waɗansu ƙasashe kuma sun tsara cin rani sosai. Tun 1966 Kanada take ɗaukar 'yan ƙodagon gona daga Jamaika, daga 1974 kuma har da Meksiko. Mutum yakan je da takardar jinga, a ba shi masauki, ya yi har wata takwas, ya komo gida. Shirin yana da aibinsa, gama an ɗaure ma'aikaci ga maigida ɗaya, yakan ji tsoron kai ƙara. Duk da haka ya fi mutuwa a hamada nesa ba kusa ba.

Amma kada mu zauna jiran gwamnati. Ga abubuwa huɗu da kowace ƙungiyar gama kai za ta iya farawa bana.

Na ɗaya, magatakarda ya buɗe littafin 'yan ƙodago. Duk wanda ya ɗauki baƙo a rubuta sunan baƙon da garinsu da kuɗin jinga a gaban shaidu biyu, a kuma sanar da mai unguwa. Wannan zai tsare baƙo daga cuta, ya tsare gari daga mugu. Ɗan ƙungiyar da ya danne hakkin ma'aikaci kada a ba shi taki ko rance sai ya biya.

Na biyu, yaron da ya nace sai ya tafi, kada mu zage shi har ya gudu a ɓoye. Dattawa su zauna da shi, su tambaye shi wa ya kira shi, wane aiki ne, a kuma taimake shi ya yi fasfo ta hanyar hukuma. Kada uba ya sayar da gona ko shanun huɗa ya miƙa wa dillalin da ya yi alkawarin kai yaro Turai. Gonar ba ta komowa, sau da yawa yaron ma haka.

Na uku, mu ba samari dalilin zama. Inda akwai fadama, ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi injin ban ruwa, ta yanka wa samari filin albasa da tumatir da barkono, ribar ta zama tasu. Inda ƙasa ta gaji kuwa mu yi koyi da mutanen Maraɗi. A 1983 wani malamin gona na mishan SIM, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoma su daina tumɓuke tohon kututture lokacin sassabe, su bar rassa kaɗan masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara marar tsada fili mai faɗin wajen hekta miliyan biyar ya sāke yin itatuwa a Nijar, aka sami itacen wuta da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne shuka.

Na huɗu, waɗanda 'ya'yansu suke aiko da kuɗi daga waje, kada a ƙarar da shi duka a biki. A sa wani kashi a hannun ma'ajin ƙungiya da sunan yaron, domin ran da aka koro shi, kamar yadda aka yi a 1969 da 1983, ya tarar da jari.

'Yan'uwa, mu tuna yunwa ce ta kai Yakubu da 'ya'yansa Masar. Rut ma baƙuwa ce daga Mowab sa'ad da ta shiga kala a gonar Bo'aza, shi kuwa bai kore ta ba, ya ma sa masu girbi su riƙa bar mata zangarniya. Daga zuriyarta aka haifi Sarki Dawuda. Shi ɗan'uwan da na ambata, Fasto da dattawa sun zauna da shi, ya yarda zai cika kuɗin, yanzu ana neman wanda zai kai saƙon Maraɗi. Ina roƙon kowane shugaban ƙungiya ya karanta wannan takarda a taronku na wata, ku tattauna, ku kuma rubuto mana abin da kuka shirya. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.