Motar Kwamfuta Ba Ta Gyaruwa Da Canki-Canka

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000. Kullum muna nan muna kuka da gwamnati, kuma da gaskiyarmu. Amma jama'a, akwai wani ɓarawon mai a cikin injin motocinmu da muka ƙi yin maganarsa: mataccen fulogi, kwayil ɗin jabu, da bakaniken da ke gyara da lalube.

Zamanin Fijo 504 ya wuce. Wancan inji na kafireta da distiribita ne, bakanike zai kasa kunne ya gano ciwon. Corolla da Camry da Accord ɗin da muke hawa yau kwamfuta ce ke ba su wuta. Kowace silinda da kwayil ɗinta a kan fulogi, shi ke ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa dubbai domin fulogi ya yi tartsatsin da zai ƙona mai. Idan silinda ɗaya cikin huɗu ta daina kamawa, man da aka fesa mata ɗanye yake fita ta salansa. Wato kuɗinka ne ke bin iska, ga mota na jijjiga, ga rashin ƙarfi a hawa.

Kuma motar da kanta tana faɗin inda ke mata ciwo. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da mazubin da ake jona na'urar bincike, ana ce masa OBD-II. Ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ke misin. P0303, ta uku. Daga nan sai a ɗauke kwayil ɗin a mayar wata silindar. Idan matsalar ta bi shi, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya a inda take, a duba fulogi ko nozul. Aikin minti goma ne. To don Allah me ya sa za a ce maka ka sayo kwayil huɗu a gwada?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne fitilar inji da ke kamawa a dashbod. Wani bakaniken zai ce "Oga, ai duk 'yar Kwatano haka take." Wani ma ya cire ƙwan, ko ya liƙe ta da baƙin tef. Wannan da fasa ma'aunin zafi don kada ya nuna zazzaɓi duk ɗaya ne. Idan fitilar tana ƙiftawa, gargaɗi ne cewa ɗanyen mai na shiga abin da kanikawa ke kira indomi yana ƙona shi. Ya lalace, sai a ce a fasa a cire, mota za ta "numfasa". Ka taɓa tambayar ina ake kai shi? Sayar da shi ake yi, saboda akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam a cikinsa.

Sai batun kankare fulogi da samfefa ko burushin ƙarfe. Fulogin iridiyam bakinsa siriri ne kamar allura, an yi shi ya kai kilomita 100,000 ko fiye. Ka kankare shi, ka kashe shi. Fulogin da ya cinye kuma gibinsa yana faɗaɗa, kwayil ya riƙa wahala har ya ƙone. Ga wankin inji da ruwa mai ƙarfi yana cika ramin fulogi, ga gasket na zubo baƙin mai a ciki ba a kula ba.

Na san masu gareji za su ce laifinmu ne, mun fi son mai araha. Akwai gaskiya a nan. Wanda ya ga an rubuta NGK ko Denso a kwali ana sayarwa rabin kuɗi ya karɓa yana murna, shi ya yaudari kansa. Araha ba ta ado. Amma talakan ma'aikaci ba shi da ɗakin gwaji a gida. Hana jabun kaya shigowa aikin hukumar SON ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye ta. Ƙungiyoyin kanikawa su ma su tilasta wa 'ya'yansu koyon na'ura, tunda akwai ƙanana da ake haɗawa da waya.

Ni dai matsayata ke nan: bakaniken da ba zai jona na'ura ya nuna maka lambar matsalar ba, kada ya kwance maka ko noti ɗaya. Ka sayi fulogi da lambar da littafin motarka ya rubuta. Ka ce a ba ka tsoffin kayan da aka cire a hannunka.

Kanikawan da ke cikin abokaina, fili naku ne, ku zo ku kare kanku. Allah Ya rufa mana asiri.